Zauren dattawa ko gyaran gari: wanne ya fi rage ɗaurin 'yan asalin Ostireliya?

A Ostireliya, idan ka tsaya a bakin titi ka ƙirga mutum ɗari, 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran mashigin Torres, ba za su cika huɗu ba. Shiga gidan yari ka sake ƙirga ɗari, sai ka tarar sun haura talatin. A gidajen tsare yara kuwa sun fi rabi. Abin ya daɗe. A 1987 gwamnati ta kafa babban kwamitin bincike kan 'yan asalin ƙasa da ke mutuwa a hannun hukuma. Kwamitin ya bi diddigin mutuwar mutum 99, ya fito da shawarwari 339 a 1991, ya kuma faɗi wata magana da ba a zata ba: ɗan Aborijin da ke tsare bai fi Baturen da ke tsare saurin mutuwa ba, yawan kamun ne ya jawo yawan gawa. A wancan lokacin kashi 14 cikin ɗari ne na fursunonin ƙasar. Yau sun ninka haka har da ɗoriya.

Babu mai musun ciwon. A kan magani ake ta da jijiyar wuya, kuma kuɗin maganin ba shi da yawa. A 2020 gwamnatocin ƙasar da ƙungiyoyin 'yan asali suka sa hannu a yarjejeniyar cewa kafin 2031 za a rage ɗaurin manya da aƙalla kashi 15 cikin ɗari, na yara da kashi 30. Na manyan dai hawa yake ta yi. To, a ce kai ne a kujerar da ake raba kuɗin, ko kana cikin shugabannin wani gari da aka ce su zaɓi abu ɗaya a tallafa musu. Hanyoyi biyu ne ke da hujjar da za a iya ɗorawa a sikeli. Ɗaya, a shigo da dattawan al'umma cikin kotu ranar yanke hukunci. Ɗayar, a ɗauki kuɗin da ake ƙonawa wajen ɗaure mutane a zuba a garin da suke fitowa, a bar mutanen garin su ja akala.

Akwai ta uku, wadda ta fi kasuwa lokacin kamfe, wato a tsaurara doka. Bari in sallame ta da wuri, don an gwada ta an ga ƙarshenta. A 1997 Yankin Arewa, wanda Darwin ce babban birninsa, ya yi dokar da ta ɗaure hannun alƙalai a kan laifukan dukiya: babba ya yi na farko, kwana 14; na biyu, kwana 90; na uku, shekara guda, ko da abin da ya ɗauka bai taka kara ya karya ba. A watan Fabrairun 2000 wani yaro ɗan shekara 15 daga tsibirin Groote Eylandt ya rataye kansa a gidan tsare yara na Don Dale, yana cikin zaman kwana 28 a kan kayan rubutun da ya sata. An soke dokar a 2001, kuma da aka duba alƙaluma ba a ga sata ta ragu a shekarun da take aiki ba. Hukumar ƙididdigar laifuka ta jihar New South Wales ma ta kwatanta masu laifi masu kama da juna, wani ya sha ɗauri, wani aka yi masa je-ka-gyara-halinka, ba ta ga wanda ya kwana a kurkuku ya fi shiryuwa ba. Duk da haka a 2024 Yankin Arewa ya mayar da shekarun da za a iya gurfanar da yaro daga 12 zuwa 10, alhali tsare yaro guda na shekara ɗaya yana lashe fiye da dalar Ostireliya miliyan ɗaya. Kurkuku na da amfani guda, zan dawo kansa, amma wajen rage laifi kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Kotun dattawa ta faro ne a Port Adelaide a 1999. Wani majistare, Chris Vass, ya lura 'yan asali ba su amince da kotu ba, har da yawa ba sa zuwa ranar zama, sai a bi su da takardar kamu. Ya zauna da mutanen yankin, aka fito da kotun Nunga. A 2002 jihar Victoria ta buɗe kotun Koori a Shepparton, Queensland ta buɗe kotun Murri a Brisbane, New South Wales kuma ta fara zaman da'ira a Nowra, salon da ta aro daga yankin Yukon na Kanada. Nunga da Koori da Murri duk sunaye ne da 'yan asalin kowane yanki ke kiran kansu da su.

A kotun Koori majistare yakan sauko daga kan dakalinsa ya zauna a wani teburi mai siffar ƙwai, dattijo ko dattijuwa a gefensa. Mai laifi na fuskantarsu, ga lauyansa, ga wani ɗan'uwansa, ga ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Ba a yin Turancin lauyoyi, kowa zai yi magana yadda za a gane. Zaman da'ira ma ba a ɗakin kotu ake yinsa ba, wani ɗakin taro ake samu a cikin gari a zagaye kujeru, wanda aka zalunta ya zo in yana so. Shari'ar da kotun yau da kullum za ta nannaɗe cikin 'yan mintuna, a nan sai ta ci awanni. Can, saurayi zai sunkuyar da kai lauya ya yi magana a madadinsa, ya fita bai ce uffan ba. Nan kuwa tsohuwar da ta san kakarsa, ta san ranar da aka haife shi, ita za ta kafe shi da ido ta tambaye shi me ya kai shi fasa shagon mutane, kuma ba inda za shi sai ya buɗe baki. Duk wanda aka taɓa kai ƙararsa zauren mai unguwa yana yaro, ya shiga ya tarar da kawunsa zaune a tabarma, ya san wannan kunyar ta fi bulala zafi. Masu cewa kotun sassauci ce ina jin ba su taɓa durƙusawa gaban tsofaffin gidansu ba.

Sai dai kada kamannin ya ruɗe mu. Ba shari'ar gargajiya ake yi a wurin ba. Dokar jiha ce, majistare ne ke yanke hukunci, dattawa shawara suke bayarwa. Sai wanda ya amsa laifinsa ne ke shiga, kuma fyaɗe da makamantansa ba sa zuwa nan.

To, tana aiki? A 2008 hukumar ƙididdigar New South Wales ta auna zaman da'ira ta ce ba ta ga bambanci ba: waɗanda suka bi ta da'ira suna komawa ruwa kamar waɗanda ba su bi ba. Magoya bayan tsarin ba su ji daɗi ba, amma ba a rufe shi ba. A 2020 hukumar ta sake aunawa da bayanan shekara 13, sai labari ya sha bamban. Yiwuwar a tura mutum kurkuku ta ragu da kusan rabi. Masu sake laifi cikin wata 12 sun ragu da kusan mutum huɗu a kowane ɗari. Waɗanda suka sake ɗin ma sai da suka ƙara kwana 55 kafin su sake. A 2022 ta auna kotun Koori ta yara a Sidni, ta sami abin da ya yi kusa da haka: hukuncin tsarewa ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, amma ba a ga wani ragin a-zo-a-gani a komawa laifi ba.

Masu binciken da kansu suka ja kunnen jama'a cewa kada a ɗora wa alƙaluman abin da ba su ɗauka ba. Wanda ya yarda ya amsa laifi, ya yarda ya zauna gaban dattawa, su ma dattawan suka yarda su karɓe shi, wataƙila dama can nadama ta fara shigarsa. Ƙididdiga na iya daidaita shekarun mutum da yawan laifukansa na baya, amma ba ta leƙa zuciya. Abin da ni zan iya sa hannu a kai shi ne wannan: zauren dattawa yana rage tura mutane kurkuku, kuma laifi bai ƙaru ba saboda haka. Ba ƙaramin abu ba ne. Ko yana shiryar da mutum? Alama ta nuna e, amma kaɗan.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan waɗanda yake taɓawa. Cikin waɗancan shekaru 13, shari'o'in da suka bi ta da'ira ɗari shida ne da 'yan kai, waɗanda 'yan asali suka bi ta kotun yau da kullum kuwa sun haura dubu 90. Da cokali ake kwasar tafki. Ga shi kuma a ƙarshen hanya yake. Kafin saurayi ya iso gaban dattawa, an tare shi, an kama shi, wataƙila an hana shi beli ya yi watanni a ciki. A Ostireliya kusan huɗu cikin kowane fursuna goma ba a yanke musu hukunci ba, a cikin yara kuwa kusan uku cikin huɗu ne. Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda kusan biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarinmu masu jiran shari'a ne. Kotun da ke zama ranar hukunci ba ta da ta cewa a kan waɗannan. Sannan dattawan mutane ne, sun tsufa, ba su da yawa, su ne a wannan kwamiti su ne a wancan. Kuma idan sun ce wa mutum ya je a yi masa maganin shaye-shaye, alhali cibiyar da ta fi kusa tana da nisan yini guda a mota kuma ba gado, shawarar ta bi iska. Gwamnati ma na iya tashi rana ɗaya ta yanke kuɗin: an yi wa kotun Murri haka a 2012, sai 2016 aka dawo da ita.

Kanada ta fi kowa gwada gyara ta bakin alƙali. A 1996 ta rubuta a dokarta cewa alƙali ya duba duk wata hanya da ba ɗauri ba, musamman idan mai laifin ɗan asalin ƙasa ne. A 1999 Kotun Ƙoli, a shari'ar Gladue, ta ce wajibi ne a duba tarihin da ya kawo mutum gaban shari'a, irin su talauci da wariya da tarwatsewar iyali. A 2012, a shari'ar Ipeelee, ta sake nanatawa, ta ambaci makarantun kwanan da aka riƙa ƙwace yara ana kaiwa. Lokacin Gladue 'yan asali kusan kashi 12 cikin ɗari ne na fursunonin tarayya. Yanzu sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku, ga mutanen da ba su wuce kashi 5 na al'ummar ƙasar ba, a ɓangaren mata kuma kusan rabi. A 2013 babbar kotun Ostireliya, a shari'ar Bugmy, ta yarda cewa ƙuncin da mutum ya tashi a ciki abin dubawa ne ko sau nawa ya dawo kotu, amma ta ƙi bin Kanada har can. Lauyoyi da yawa sun ji takaici. Da sun dubi alƙaluman Kanada da sun rage.

Yanzu mu nufi Bourke. Gari ne a jihar New South Wales, a bakin kogin Darling, kusan kilomita 800 arewa maso yammacin Sidni. Mutanensa ba su kai dubu uku ba, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan asali ne, daga ƙabilu fiye da ashirin, da yawansu zuriyar waɗanda hukuma ta taso daga ƙasashensu ta jibge a nan. A 2013 wata babbar jaridar Sidni ta buga cewa Bourke ce kan gaba a jihar a shida cikin manyan rukunan laifi takwas. Ba rashin hukumomi ne ya dami garin ba. Ofisoshin taimako birjik, kowa da allonsa da motarsa da kuɗin tallafinsa, wannan bai san abin da wancan ke yi ba. A shekarar ne Alistair Ferguson da wasu 'yan garin suka haɗa kai da ƙungiyar Just Reinvest NSW a ƙarƙashin shirin da suka sa wa suna Maranguka, wato kula da wasu a harshen Ngemba. Asalin dabarar daga Amurka take. A farkon shekarun 2000 masu bincike suka zana taswirar unguwar Brooklyn da ke birnin New York suka ga akwai layi ɗaya na gidaje da ake kashe dala miliyan guda a shekara wajen ɗaure mazaunansa, suka tambaya me zai faru da a layin aka kashe kuɗin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba da gini ko taron buɗewa suka fara ba. Alƙaluma suka nema. Suka matsa wa ma'aikatu su kawo abin da suka sani game da yaron Bourke tun daga haihuwa har ya zama saurayi: lafiya, makaranta, kamu, beli. Majalisar ƙabilun garin ta zauna ta duba ta inda tulun ke yoyo. Ƙofofi uku suka fara toshewa: lasin tuƙi, sharuɗɗan beli, da tsofaffin takardun kamu.

Dubi maganar lasin kawai. A Bourke ba motar haya da za ta kai ka aiki ko asibiti. Matashin da bai kai shekara 25 ba a New South Wales sai ya cika awa 120 yana tuƙi da mai lasin a gefensa, a mota mai takardu, kafin a gwada shi. Yana kuma buƙatar takardar shaida, wasu ko ta haihuwa ba su da ita. Idan a gidanku babu mai lasin, babu motar kirki, ina za ka samo awa 120? Sai yaro ya hau mota haka nan. A tare shi, a ci shi tara. Ba shi da kuɗin biya, a haramta masa tuƙi. Gobe kakarsa ba lafiya, ya sake hawa, a sake tare shi. Kafin ka ce kwabo yana gidan yari, bai daki kowa ba, bai ɗauki kayan kowa ba, ya kuma fito da abokan da ba a koyon alheri a wajensu. Shirin ya samo mota, ya samo masu koyarwa, har da 'yan sandan da suka tashi daga aiki, ya taimaka wajen neman takardu. Beli ma haka. A ce wa yaro kada ya fita da dare, alhali gidan da aka ce ya zauna nan ne ake shaye-shaye ana faɗa. Ya fita neman wurin kwana, a kama shi da laifin karya beli. Aka fara tattauna sharuɗɗan da yaro zai iya cikawa. Kowace safiya kuma ma'aikatan Maranguka da 'yan sanda da sauran hukumomi sukan zauna su bi abin da ya faru jiya, gida gida, a san wa za a je wa yau. Mutumin da aka kira wa 'yan sanda don ya daki matarsa, bayan ƙura ta lafa akan koma gidansa tare da wani ɗan gari a ji me ke damunsa, tun kafin ya sake.

A 2018 kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya kwatanta 2016 da 2017. Ƙarar dukan iyali da 'yan sanda suka rubuta ta ragu da kashi 23 cikin ɗari. Tuhumar yara a laifuka biyar da suka fi yawa ta ragu da kashi 38. Karya beli ya ragu da kashi 14, kwanakin da manya suka yi a tsare da kashi 42. Ɗaliban da ke kaiwa ajin ƙarshe na sakandare suka ƙaru da kashi 31. Kamfanin ya ƙiyasta amfanin shekarar a dala miliyan 3.1, kuɗin gudanar da shirin kuwa kusan dubu 600.

Kusa da waɗannan, mutum huɗu cikin ɗari na zaman da'ira sai ya zama kamar wasa. A nan ne mai zaɓi zai yi hattara. Gari ɗaya ne, shekara ɗaya aka kwatanta da ɗaya, ba a kuma ajiye wani gari makamancinsa a gefe don a ga ko shi ma ya sauka ba tare da shirin ba. A garin mutum dubu biyu da 'yan kai, yara biyar masu ƙiriniya su bar gari, alƙaluman shekara sun kife. Wanda ya fara ƙirga daga ƙololuwa kuma kusan dole ya ga sauka. Ga batun mutum ɗaya: shirin ya dace da shugaban 'yan sanda mai son haɗin kai, kuma ɗan sanda ana yi masa canjin wurin aiki. Ban ce sakamakon ƙarya ba ne. Na yarda an sami sauyi a Bourke. Amma hujjar kotun dattawa ta fi ƙwari ko da amfanin da ta nuna ƙarami ne, amfanin da Bourke ta nuna babba ne a kan hujja mai rauni. Wanda duk ya ce maka ɗayansu ya haɗa biyun, talla yake yi.

Akwai kuma wata gaskiya game da kuɗin da ba a son faɗa. An ce za a ɗebo daga kurkuku a zuba a gari. A aikace hakan bai faru ba. Gidauniyoyin masu hannu da shuni ne suka riƙe Maranguka a shekarun farko, daga baya gwamnati ta sa hannu. A 2022 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 81.5 don a yi irinsa a wurare har 30, amma sabon kuɗi ne, kuma gidajen yari na jihohi ne, ba na tarayya ba. Dalilin a fili yake. Idan ka rage fursuna goma, albashin gandiroba bai ragu ba, wutar lantarki ba ta ragu ba, abincin mutum goma kawai ka tsira da shi. Sai an rufe ɓangare guda na gidan yari kafin kuɗi na gaske su fito. Ribar miliyan 3.1 a takarda take, ba wanda ya ƙirga ta a hannu. Ga jinkiri: an fara a 2013, sai wajen 2017 aka sami abin nunawa, ɗan siyasa kuwa zaɓe na jiransa bayan shekara uku ko huɗu. Kotun dattawa ana iya buɗe ta cikin watanni da umarni daga sama. Maranguka ba a kafa ta da umarni. Garin da manyan gidajensa ba sa ga maciji da juna, in aka zuba masa kuɗi aka ce ya ja akala, rigimar shugabanci za a saya.

Na yi alkawarin dawowa kan amfanin kurkuku. Mafi yawan waɗanda masu laifin nan ke cuta 'yan'uwansu ne, musamman mata. Matar Aborijin ta fi sauran matan ƙasar yiwuwar a kwantar da ita a asibiti saboda dukan iyali da kusan ninki 30. Mutumin da ya karya wa matarsa haƙarƙari, muddin yana ciki ba zai karya na biyu ba, kuma duk tsarin da ya manta da ita don yana son alƙaluman ɗauri su yi kyau ya ci amanarta. A nan zauren dattawa na da haɗari, don a ƙaramin gari dattijon da ke zaune na iya zama kawun mijin, matar ta ji nauyin magana. Gyaran gari ya fi dacewa da ita idan da mata a kan gaba. A Fitzroy Crossing da ke yammacin ƙasar, a 2007, mata ne ƙarƙashin June Oscar da Emily Carter suka tsaya kai da fata har aka taƙaita sayar da giya mai ƙarfi ta tafi-da-gidanka, asibiti kuma ya ga raunukan da giya ke jawowa sun ragu.

Kafin ma a kai ga zaɓen, akwai gyare-gyaren da kusan alƙalami kawai suke ci. A watan Agustan 2014 wata matashiya 'yar shekara 22, wadda ake kira Ms Dhu saboda al'adarsu ta kauce wa ambaton cikakken sunan mamaci, ta mutu a hannun 'yan sanda a South Hedland da ke jihar Yammacin Ostireliya. An kulle ta ne a kan tarar dala 3,622 da ba ta biya ba. Tana ta kukan ciwo ana cewa shiri ne, ashe tsohuwar karayar haƙarƙari ce ta ruɓe har cutar ta shiga jini. Sai 2020 jihar ta daina kulle mutane kai tsaye a kan tara. New South Wales kuwa tun 2000 ta wajabta wa 'yan sanda su buga waya ga lauyoyin 'yan asali duk lokacin da suka kama ɗayansu, dare ko rana, lauya ya ji lafiyarsa. Daga nan har 2016 ba a sami ɗan Aborijin da ya mutu a sel ɗin 'yan sandan jihar ba, kuma wadda ta mutu a 2016 an tsare ta ne a matsayin mai maye, rukunin da dokar kiran ba ta shafa ba a lokacin. Duk jihar da ba ta yi waɗannan ba, ta fara da su.

Idan aka ce dole ɗaya, ni gyaran gari zan ɗauka, duk da raunin hujjarsa. Dalilina shi ne ta inda mutane ke shiga. Matuƙar tara da lasin da beli da takardar kamu su ne manyan ƙofofi, tsarin da ke tsaye a bakin waɗannan ƙofofin zai taɓa ɗaruruwa, wanda ke jira ranar hukunci zai taɓa goma. Amma da sharaɗi. Garin ya kasance yana da majalisar da gidaje suka yarda da ita, mata na ciki da murya. 'Yan sanda su sa hannu a rubuce, don kada a tafi da alkawarin ranar da aka ɗauke shugabansu. Kuɗin ya zama na shekara goma, ba na biyu ba. Inda ɗaya cikin waɗannan ya faɗi, ko a babban birni da 'yan asali ke warwatse amma akwai cibiyoyin magani da horo a kusa, kotun dattawa ce ta fi, don tana da araha, ana buɗe ta da wuri, kuma an san iyakar abin da za ta bayar. Garin da ya fara da ita ma ya sami wurin da dattawansa da majistare da 'yan sanda za su saba zama teburi ɗaya, wanda zai yi amfani ranar da aka tashi yin babban aikin.

Wurare har 30 da tarayya ta ware wa kuɗi dama ce ta toshe giɓin da Bourke ta bari. Tunda ba rana ɗaya za su fara ba, waɗanda ba su fara ba su zama ma'aunin waɗanda suka fara, kuma wata hukuma daban ta riƙe littafin, ba masu shirin ba. A yi hankali da abin da ake ƙirgawa. Ƙarar da ke zuwa caji ofis na iya raguwa don duka ya ragu, tana iya raguwa don mata sun gaji da kira. Saboda haka alƙaluman da zan fara nema a ƙarshen kowace shekara su ne na matan da aka kwantar a asibitin garin da raunin duka, a ajiye su kusa da yawan dararen da yaran garin suka kwana a tsare.